Ungozomar da Ke Amsa wa 'Yan Wasa

Ungozoma ta bar aikin asibiti da ciwon gwiwa, da takardar yabo da aka maƙala mata a falo, da kuma wata ɗabi'a da aikin ya dasa mata: ba ta iya jin mutum yana magana shi kaɗai ta ƙyale shi. A ɗakin haihuwa ta saba da haka. Mace tana naƙuda, tana tsine wa mijinta, tana kiran uwarta da ta daɗe a ƙasa, Ungozoma tana gefen gado tana amsawa: to, na ji, haka ne, ci gaba. Takan gaya wa masu koyon aiki cewa ba don maganar tana da kan gado ake amsawa ba, sai don kada mai yin ta ta zaci an fita an bar ta.

Da ta koma zama gidan 'yarta, wadda ke koyarwa a firamare, sai ɗabi'ar ta rasa wurin sauka, ta faɗa kan rediyon surukinta. Mai karanta labarai ba ya kai ƙarshen jimla ba tare da ta jajanta masa ko ta nuna shakku ba. Surukin mutum ne mai kunya, sai ya riƙa ɗaukar rediyon yana shiga banɗaki da shi. 'Yar ce ta nemo mafita. Ta ji labarin wani ɗaki a saman bene, a bayan kasuwa, inda matasan marubuta ke nuna sababbin gajerun wasanninsu duk ranar Asabar da la'asar. Ta kai uwar can da kanta, ta zaunar da ita a bencin gaba, kamar mai kai yaro makaranta.

Ɗakin ba shi da girma: benci-benci, fanka ɗaya mai kuka, da dandamalin katako da ke ƙara idan ɗan wasa ya yi fushi. Wasan farko da ta gani na mutum ɗaya ne, wani direba yana sallama da tsohuwar motarsa da za a kai wa masu yankan ƙarfe. Yana magana, mutane sun harɗe hannu sun zuba masa ido. Ungozoma ta duba dama ta duba hagu, ta ga ba mai niyyar taimaka masa, sai ta ce masa ya yi haƙuri, ai motar ta yi masa ƙoƙari. Aka yi dariya. Wani na kusa da ita ya raɗa mata cewa wasa ne. Ta ce ta sani tun da ta ga benci, amma ba ta ga abin da hakan ya canza ba.

Daga ranar ba ta sake fashi ba. Ta zo da matashinta saboda baya, ta kuma zo da ra'ayi. Tsofaffin wasanni da kowa ya haddace ba sa burge ta, don a ganinta mai yin su ba ya cikin wani haɗari. Sababbin take so, waɗanda ba wanda ya san ƙarshensu, wani lokaci har da marubucin. Tana son gajere, wanda zai shigo ya faɗi damuwarsa ya fita. Wasan da aka sa wa wata mata tsumma aka ce ita ce Gaskiya, ta hau yi wa jama'a wa'azi, bai samu komai daga Ungozoma ba sai “gajarta, 'yar nan.” Amma wasan wasu maƙwabta biyu da suka maƙale a lif, na'urar hawa bene, suna gaba da juna, ta yi mako tana ba surukinta labarinsa ta bayan ƙofar banɗaki.

Ba kullum take daidai ba. Akwai wasan wani mutum da ke guge riga yana yi mata magana cikin taushi, Ungozoma tana lallashinsa tun daga farko, sai a ƙarshe ta bayyana shi ne ya tura mai rigar cikin rijiya. Da aka tsokane ta a bakin ƙofa, ta ce ita ba alƙali ba ce, kuma a duk shekarunta na aiki ba ta taɓa tambayar halin abin da za a haifa ba kafin ta karɓe shi.

Marubutan sun saba da ita kamar yadda suka saba da fankar. Akwai Mai Kemis, wanda ke rubutu a kan kantar shagonsa tsakanin mai ciwon kai da mai tari. Akwai Malamar Lissafi, mai rubuta wasannin mutum ɗaya gajeru ƙwarai, kamar ana cajin ta a kan kowace kalma. Wasu suna jin daɗin amsar, wasu suna haɗiyewa.

Sai ƙungiyar marubutan ta yi sabon Darakta. Ba mugu ba ne, kuma ba wawa ba ne, abin da ya sa rigimar ta yi wuya ke nan. Ya karanci harkar, ya kuma ga abin da kowa ke gani: wasannin nan ana haihuwarsu ranar Asabar su mutu ranar Asabar, ba wanda ya san da su bayan matakala. Ya samo kyamara da makirfo don a riƙa ɗauka ana aikawa gasa. Na farko da aka aika na Mai Kemis ne, zuwa gasar wasannin mutum ɗaya. Masu gasar suka amsa cikin ladabi cewa wasan ya yi kyau, sai dai na mutum biyu ne, kuma ba a rubuta sunan tsohuwar ba. Mai Kemis ya daina gaishe ta. Da ta je sayen maganin gwiwa, ya miƙa mata yana kallon silin.

Darakta ya zo gida da kansa, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta. Ya yi bayani a tsanake: shirun da ke tsakanin maganganu shi ma cikin wasan yake, marubuci ne ya auna shi ya ajiye shi a wurin, kuma yaran nan suna da haƙƙin a ji aikinsu yadda suka yi shi. Ta saurare shi har ƙarshe, tana amsa masa da “to” a duk inda ya numfasa, shi kuma bai lura yana jiran ta ba kafin ya ci gaba.

“Mama, shiru kawai muke roƙo,” in ji shi. “Marubucin ne ya rubuta shi.”

“Nasa shirun ya rubuta, ɗana. Nawa bai rubuta ba.”

Aka gwada mayar da ita bencin baya. Muryar da ta saba ratsa ɗakin masu jego har ta isa ofishin likita ba ta san da bencin baya ba. Kwamitin ƙungiyar ya zauna, ya yanke cewa ko ta yi shiru ko ta daina zuwa. 'Yarta ta roƙe ta, ta ce ana nuna ta a makaranta ana cewa ga 'yar mai amsa wa 'yan wasa. Uwar ta ce gara haka da a ce ga 'yar wadda ta ga mutum cikin damuwa ta harɗe hannu. Surukin kuwa, wanda Asabar ce kaɗai ranar da yake jin labarai a falo, ya zama babban mai kare 'yancin 'yan kallo, har ya ce zai rubuta wa jarida.

Ranar Asabar ta shirya da wuri. Ta gaya wa 'yarta tun daga gida cewa za ta je, za ta zauna a gaba, kuma idan an buƙaci amsa za ta bayar, don kada a ce ta yaudari kowa.

Wasan na Malamar Lissafi ne. Wata mata ce a gaban madubi tana gwada yadda za ta gaya wa tsohon mahaifinta cewa idonsa ya mutu, dole ya daina tuƙi. Ta fara da wasa, ta fasa. Ta fara da faɗa, ta fasa. Ungozoma ta daɗe ba ta ce komai ba, har Darakta ya fara sakin kafaɗa, alhali ba biyayya ba ce, 'yar wasan ce ba ta kai inda ake buƙatar ta ba. Can matar ta sauke murya ta ce wa madubin, “Baba, ba don na raina ka ba ne,” sai ta tsaya.

“Ya sani, 'yar nan,” in ji Ungozoma. “Faɗi kawai.”

Darakta ya ɗaga hannu, aka tsayar da kyamara. Ya nemi maigadi, aka ce maigadi ya tuna da wani aiki a bakin titi. Dole ya zo da kansa, ya tsuguna a gabanta, ya ce ta yi masa rai. Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta miƙe a kan gwiwoyinta masu ƙara, ta ɗauki matashinta, ta gaya wa 'yar wasan ta ci gaba daga inda ta tsaya, kada ta koma farko, don farkon ya yi kyau. Ta bi tsakiyar benci ta fita. Ba wanda ya tafa, ba wanda ya hana. Malamar Lissafi ta sunkuyar da kai, kuma har yau ba ta faɗi ko haushi ta ji ko kunya ba.

Asabar ta gaba masu zuwa kallo suka tarar da ita a saman matakala, dab da ƙofar ɗakin, a kan kujera mai majingina. Ashe matakalar ba ta cikin hayar ƙungiyar. Ta mai maɗaba'ar da ke ƙasa ce, mutumin da ya daɗe yana ƙorafin cewa duk lokacin da ɗan wasa ya buga ƙafa, ƙura na zubo masa cikin tawada. Shi ya hau da kujerar da hannunsa, ya kuma tambaye ta ko tana son ruwa. Kwamiti ya sake zama, ya gano ba shi da iko a kan matakalar wani.

Darakta ya rufe ƙofa, ya rataya mata bargo. Fanka kuma ba a kunna ta, don kukanta na shiga makirfo. Yanzu 'yan kallo suna zaune cikin cikakken shiru, gumi yana bin bayansu, ana ɗaukar wasanni tsaf ana aikawa, har ɗaya ya kai zagaye na biyu a wata gasa. Ita tana waje tana shan iska, tana jin abin da bargon ya bari. Ba ta ganin fuska, kuma duk maganar da aka yi a hankali, wadda ita ce ta fi so, ba ta iso ta. Wani lokaci takan ce “Allah sarki” a inda ake dariya. Malamar Lissafi ta zo ta ce za ta riƙa kawo mata wasannin a rubuce ta karanta a gida. Ungozoma ta yi godiya ta ƙi, ta ce takarda ba ta buƙatar kowa.

Makon jiya da ta dawo, 'yarta ta tambaye ta me aka nuna. Ta ce wani mutum ne ya rasa wani abu, ko aiki ko ɗan'uwa, bargon ya cinye wurin, amma dai ta ba shi haƙuri. Sai ta ce wa surukinta ya duba mata ƙafar kujerar nan, don tana so ta matsar da ita ta manne da ƙofar.