Barewar da Isufu Ya Ciyar

Ƙanena Isufu bai iya hira da mutane ba, amma a ba shi akuya mai zawo, kwana uku ya tashe ta. Haka ya taso a Dakoro, a bayan shanun babanmu. Karatu ne ya kawo shi Alƙahira, karatun kuwa ya ƙi shi ƙiri-ƙiri. Bayan shekara biyu ya kyautar da littattafansa, ya dawo ɗakina a unguwar Ainu Shams yana kallon bango. Ni Mariama, mai sayar wa ɗalibai tuwo a Abbasiya, ni na nemo masa aiki a gonar wani Bamisire mai suna Osama, can bayan gari. Da na san abin da zai biyo baya, wallahi da na bar shi da bangonsa.

Sana'ar Osama ba da hayar dabbobi: dokin biki, raƙumin ɗaukar hoto, ɗawisun ƙofar otal. Shekara goma sha ɗaya Isufu yana share musu kashi, yana cire musu kaska, bai taɓa jin an ce masa sannu ba. Shi bai damu ba, ni ce mai jin haushin.

Bara da sanyi aka sauke wani akwatin katako a gonar. A ciki akwai barewar ƙasashen ƙanƙara, wadda ake kira karibu. Mace ce, amma da ƙaho mai rassa kamar busasshen icce. Wani babban kanti ne ya yi hayarta don bikin Kirsimeti. Aka baza mata auduga a ƙasa wai ita ce dusar ƙanƙara, aka ɗaura mata ƙararrawa, yara suna ja mata kunne iyayensu suna ɗaukar hoto.

Sai ta ƙi cin abinci. Isufu ya zuba mata barsim, ɗanyar ciyawar da kowace dabba a Masar ke rububi, ta shinshina ta juya kai. Ya kawo dusa, ya kawo karas, ko kallo. Kwana shida, haƙarƙarinta ya fito.

"Yaya, mutuwa za ta yi a hannuna," ya ce da ni, ya tasa tuwo a gaba ya kasa kai loma.

Na ce, "To ta mutu mana! Uwarka ce?"

Amma na kasa jure ganinsa haka. Cikin masu sayen tuwona akwai Anti Comfort, matar wani ma'aikacin ofishin jakadanci, wadda ta yi karatun likitan dabbobi a gida. Na haɗa su. Ta ce masa akwai irin waɗannan barewa da ke zaune a dazuzzukan kan duwatsu, inda ƙanƙara ke zuba har ta fi tsayin mutum. Ciyawar ƙasa duk ta binne, tono ba ya kai su gare ta. Sai su taka saman ƙanƙarar da faffaɗan kofatonsu, tudun ya ɗaga su har su kai rassan tsofaffin itatuwa, inda wata irin gansakuka ke reto kamar gemun tsoho. Ita suke miƙa wuya su tsinka, da ita suke rayuwa har sanyi ya wuce.

Ta nuna masa hoton a waya. Isufu ya ƙura ido ya ce, "Anti, ai wannan kamar shaiba ce!"

Shaiba dai busasshiyar gansakukar icce ce da masu kayan ƙamshi ke sayarwa, ana jefa ta a miya. Ni kaina ina da ita a gwangwani. Washegari ya tafi kasuwar Ataba ya ciko leda, ya jiƙa ta yi laushi. Bai zuba a kwano ba. Reshe ya samo ya ɗaure a saman rumfarta, ya rataya shaibar, ya ja da baya.

Ta daɗe tana kallo. Can ta tako, ta ɗaga kai, ta miƙa wuya har ƙarshensa, ta tsinka.

Ya kira ni a waya yana kuka. Namiji ɗan shekara talatin da shida! Na ce masa ya share hawaye kada Larabawa su yi masa dariya, alhali ni ma na jiƙa gefen mayafina.

Daga nan ta fara taɓa barsim kaɗan-kaɗan, ta murmure. Duk wanda ya doso ta sai ta sunkuyar da ƙaho ta yi kansa, ban da Isufu. Har ya daina amfani da reshen: da hannu yake ɗaga shaibar sama da kansa, ita kuma ta zo ta miƙa wuya, gashin maƙogwaronta yana shafar ƙirjinsa.

Bakinsa ne ya kashe ta. Mutumin da bai iya magana ba, ranar da ya yi, ga abin da ya jawo. Biki ya wuce, an dawo da ita gona, Osama ya zo yana yaba ƙahon. Isufu, don murnar ya san abu, ya ce, "Ya basha, ranka ya daɗe, ai likita ta ce in sanyi ya wuce zubar da shi za ta yi da kanta, wani ya tsiro."

Osama ya ce, "Zubarwa? Yaushe?"

Ashe akwai wani attajiri da ya ga ƙahon a kanti, yana son kan a bangon falonsa. Osama ya ce dama ba za ta kai zafin watan Yuli ba, khalas, magana ta ƙare, a kira Fadl mahauci.

Isufu ya durƙusa. Ya ce a jira ƙahon ya faɗi a ba mutumin, ya ce zai kwana yana yi mata fifita duk bazara. Osama ya yi dariya ya ce ma'alish, sai haƙuri, kan barewar ake so, ba itacen wuta ba. Allah ya isa tsakanina da mutumin nan.

Da hantsi Fadl da mutum uku suka shiga da igiya. Ta birkice, ta dinga dukan katanga har bakinta ya fashe. Osama ya daka tsawa kada a karya masa ƙaho, ya juyo wajen Isufu.

"Ko ka tsayar da ita, ko mu sare mata jijiyar ƙafa ta faɗi da kanta. Yalla, maza ka zaɓa."

Ƙanena ya ce kowa ya fita sai Fadl. Ya tsaya yana yi mata 'yar muryar da yake yi wa maruƙa a Dakoro, har jikinta ya bar rawa. Sannan ya sa hannu a aljihu, ya ɗaga shaibar sama da kansa. Ta tako, ta miƙa wuya har ƙarshensa. Fadl yana tsaye a bayan kafaɗar Isufu da wuƙa a hannu.

Bayan an yanka ta, Isufu aka ba kan ya wanke kafin a kai wa mai shi. Ya ce da ya buɗe bakin, shaibar tana nan a kan harshenta, ko taunawa ba ta kai ga yi ba.

Har yau yana gonar, don takardar zamansa a hannun Osama take. Yana share kashi, yana cire kaska. Amma abokan aikinsa sun ce kowace dabba yanzu daga nesa yake watsa mata abinci a ƙasa, ya juya baya tun kafin ta iso.