Hayaƙin Gidan Attahiru

Attahiru baduku ne a Barmou, tun yana yaro hannunsa ke cikin fata. Gajere ne, mai yawan dariya. In talaka ya kawo gyaran takalmi sai ya ɗinke, ya ce a gaida gida.

Shekarar da ruwa ya ƙi, zamanin soja, dabbobi suka mutu, ciniki ya tsaya. Rumbunsa ya ƙare kafin na kowa. Amma a gidansu ba a taɓa faɗin yunwa ba, haka ya taras da ubansa. Kullum da la'asar sai ya sa matarsa Rakia ta hura wuta ta ɗora tukunyar ruwa, don maƙwabta su ga hayaƙi. 'Yar dussar da ya samo, 'ya'ya yake ba. Shi kuwa ya fito ƙofar gida yana sakace.

Da motar hatsin taimako ta zo daga Tahoua, mai rabon, wani ma'aikaci Malam Sani, ya bi gida gida. Ya tsaya gaban Attahiru.

"Baba, ina gida?"

"Lahiya lau."

"Da abinci dai?"

"Mun gode Allah."

Ƙashin wuyansa a waje, rigarsa kamar an rataye ta a icce. Mai ido ya gani. Sani ya dubi hayaƙi, ya dubi agogo, ya ce wa direba, "Mutanen nan sun saba. Mu tahi."

Sun saba da me? Wane ciki ne ya taɓa sabawa da babu? Abin da Attahiru ya saba da shi kunya ce, kuma duk Barmou an san haka. Maƙwabtan da ke tsaye wurin sun san amsar nan ta gaisuwa ce kawai, amma kowa ya rungume buhunsa ya yi shiru.

Kafin damina zazzaɓi ya kama Attahiru, bai taras da jikin da zai yi kokawa da shi ba. Allah ya jiƙan wannan bawa mai taushin zuciya.

Ranar sadakar uku aka turo buhun hatsi a kan jaki. Rakia ta fito, ta dubi mazan da ke zaune kan tabarmi.

"Yanzu kunka ga hanyar gidan?"

Biyu suka miƙe za su kama mata, ta ce kada wanda ya taɓa. Ita kaɗai ta ja buhun cikin ƙasa har wurin 'ya'yanta.