Muryar da Ke Kiran Najiba a Kwana ta Bakwai

Duk wanda ya taɓa kai babur gyara a rumbunan Dubai Investments Park ya san Sanda. In bai san fuskarsa ba ya san ƙeyarsa, don kullum kansa a sunkuye yake cikin inji. Mutumin Dukku ne, siriri, magana sai ta kama dole. A 2009 ya zo Dubai, wani kamfanin hayar baburan sahara ya ɗauke shi makanike. Shekara biyu yana kwana a ɗakin ma'aikata su takwas, kafin ya auro Hadijatu, wata nas 'yar Kano mai baki kamar reza, suka kama ɗan fulat a Deira.

Da aka haifa musu 'yar fari aka raɗa mata Najiba, a nan aka ga asalin Sanda. A gidan da ya tashi, uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, ba ya yabonsa, ba ya wasa da shi a gaban mutane. Shi ma ɗan fari ne, kuma har mahaifinsa ya koma ga Allah bai taɓa jin sunansa daga bakinsa ba. Don haka yarinya ta tashi da "ke" da "yarinyar nan". Ko a filin jirgi aka tambaye shi sunanta, sai dai ya miƙa fasfo.

"Haba Baban Najiba, a Dubai?" in ji Hadijatu. "Wa kake jin kunya? Ko dangin naka suna bayan firij ne ban sani ba?"

Sai ya ce, "Haka na taras." Ya ci gaba da shan shayinsa.

Amma fa yana son yarinyar nan, so irin wanda ke hana mutum barci in ta yi tari. Ranakun hutu yakan je wani filin tseren babura da ke bayan gari, can inda kwalta ta ƙare yashi ya fara, yana duba baburan 'ya'yan masu hali. Tana shekara biyar ta fara binsa. Sai ta riƙe wayar shinge ta zuba wa yaran ido suna tsallake tudu, ko ruwa ba ta nema. Wani Balarabe ya yar da ƙaramin babur, irin mai injin hamsin da ake fara koya wa yara, ya ce ya mutu, khalas. Sanda ya yi mako uku yana tada shi. Ranar da ya gama bai ce mata ga naki ba. Ya kafe shi a gabanta, ya kalli sama, ya ce, "Ko akwai mai son gwadawa a nan?"

Ta faɗi ya fi a ƙirga. Ta ci yashi, ta ƙone ƙafa da salansa, ta tashi ta sake hawa. Tana shekara bakwai ta ɗauko kofinta na farko, Hadijatu ta rangaɗa guɗa har Turawa suna waiwaye, shi kuwa gogan naka ya duƙa yana ɗaure wani noti da tun safe a ɗaure yake.

A wannan wasa ba a yi wa yaro magana da baki. Ga hular kwano, ga ƙarar babura ashirin, ko ka tsage maƙogwaro ba zai ji ba. Allo ake ɗaga masa in ya zo wucewa ta rumfar makanikai. Sauran iyaye sukan rubuta sunan ɗansu da "yalla habibi", wato maza, masoyina. Allon Sanda lamba ce kawai a jiki, ta nawa take, zagaye nawa ya rage.

Tana shekara tara ta koma ajin masu injin sittin da biyar, inda babur ke da kuloci da giya. Nan ta sha wuya. Wata uku tana zuwa ta kusa da ƙarshe, kuma duk a wuri ɗaya ake wuce ta, kwana ta bakwai, wadda ta fi kowace nisa, inda filin ya jingina da tuddan yashin da ba kowa a bayansu. Kwatsam sai ta gane kan kwanar. Ta shiga shanye ta kamar a nan aka haife ta.

Wata rana suna komawa gida a mota ta ce, "Baba, na gode da kake kirana."

"Kira? A ina?"

"A kwana ta bakwai mana. Kana cewa, Najiba, saki birki. Najiba, ta ciki, ta ciki. Da na bi sai in wuce su."

Sanda ya rage gudun motar. Tsakanin rumfarsa da kwanar nan ya kai rabin kilomita. Kuma shi ya san abin da bakinsa bai taɓa faɗa ba.

Mako na zagayowa ya taka har can ya sami Julius, wani ɗan Zonkwa da ke riƙe tuta a kwanar, mutumin kirki mai yawan dariya. Da ya ji tambayar dariyar ta ɗauke.

"Ni? Wallahi ban taɓa kiranta ba, Malam Sanda. Amma in ta zo nan takan gyaɗa kai kamar mai amsa gaisuwa, kuma ba ni take kallo ba." Ya nuna tudun da ke bayansa da haɓa, bai juya ba. "Ni dai in na zo da safe nakan yi addu'ata in kama tutata. Ba na leƙa can."

Sanda ya yi kiwo yana yaro. Ya san dokar daji, in ka ji an kira sunanka ba ka ga mai kiran ba, ba a amsawa. Abin da ya kamata ya yi a fili yake, ya zaunar da 'yarsa ya gaya mata gaskiya. Da wannan niyya ya koma gida. Yana cire takalmi a bakin ƙofa sai ya jiyo ta a kicin tana cewa, "Mama, ashe Baba yana sona. A gida ne yake jin nauyi, a can kuwa sunana yake kira."

Ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ya kasa. Ta yaya zai shiga ya ƙwace mata wannan? Sai ya yi shiru, har Hadijatu bai gaya wa ba. Shiru na shekara uku, jama'a! Ni dai na ce wauta ce, ko da tausayi ne ya haife ta. Abin da ya iya kawai, duk ranar tsere ya karanta Falaƙi da Nasi ya tofa a cikin hularta kafin ya miƙa mata. Kofuna suka cika saman talabijin, shi kuwa duk wanda aka kawo sai gabansa ya faɗi, don ya san ba shi kaɗai ya koya mata ba.

Tana shekara goma sha biyu ta hau mai injin tamanin da biyar, babur mai tsayi da zafin rai, wanda sai ta yi ɗage ƙafarta ke taɓa ƙasa. A shekarar farko ta shiga gaban yara maza goma sha bakwai. Ya rage tsere ɗaya ta zama zakara.

Safiyar ranar tseren, yana duba mata iskar taya, ta ce, "Baba, hanyar nan da kake ta cewa in bi, ba za a kore ni ba?"

"Wace hanya?"

"Makon jiya da wancan, ka ce kada in sha kwana, in miƙe. Ka ce akwai hanya a bayan tudu, kana jirana a can."

Sanda ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya durƙusa har idonsa ya zo daidai da nata, abin da bai taɓa yi ba.

"Ke, saurara. Ba ni ba ne. Tun da aka haife ki bakina bai taɓa faɗin sunan nan ba. In kika ji shi da muryata, kada ki amsa, kada ki waiwaya, ko me za a ce miki."

Ta dube shi. "Ko sau ɗaya, Baba?"

"Ko sau ɗaya."

Ya so ya ce a haƙura da tseren yau, a tafi gida. Kafin ya haɗa maganar ta karɓi hularta ta kifa, ta tura babur zuwa layi. Bai ga fuskarta ba, kafaɗunta dai ya ga suna rawa.

Lokacin sanyi ne, kuma da asuba an yi irin hazon nan mai danshi da ke tasowa daga teku. An jira ya washe sannan aka sake su. A zagaye na uku hazon ya dawo, fari fat, ya haɗiye rabin filin. Aka ɗaga jar tuta ta tsayar da tsere, yara suka dawo ɗaya bayan ɗaya a hankali. Sanda ya ƙirga goma sha bakwai, babu ita. Ya sake ƙirgawa.

Da gudu ya isa kwana ta bakwai. Julius ya ce bai gan ta ba, ƙarar injinta kawai ya ji ta miƙe ta haye tudu, sannan ɗif. Ko kiran ta bi, ko hawaye ne ya rufe mata ido ba ta ga kwanar ba, Allah kaɗai ya sani. Suka haye tudun su biyu, sauran mutane suka bazu ta wasu ɓangarorin. Mutum ba ya ganin tafin hannunsa.

"Ke! Ke yarinya!" Sanda ke ihu. "Ke!"

"Malam Sanda, don girman Allah ka kira sunanta!" in ji Julius. "Ke wa? Wa zai amsa ke a nan?"

Ya buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Ya sake yunƙurawa.

"Najiba!"

Shiru. Can sai aka amsa daga hagunsu, ba nesa ba. Muryarsa ce sak, amma a kwance, ba haki, ba tsoro, kamar mai kiran yaro cin abinci. "Najiba, taso."

Yashi ba ya maido da amo, kowa ya san wannan. Julius ya damƙe hannun Sanda har farcensa ya shiga fata. Sanda ya fizge, ya yi ta kiran sunan yana kuka, yana faɗuwa yana tashi. Duk kiran da ya yi, ɗayan ma sai ya yi nasa. Awa ɗaya da rabi suna haka.

Da rana ta kori hazon sai ga ta a wani kwari, taku arba'in daga inda Sanda ya fi daɗewa a tsaye. Babur ya danne mata ƙafa ya karya ta biyu. Idonta biyu. Ta cusa safar hannunta a baki ta cije, don kada ko nishi ya fita. Likita ya ce da an ɗaga babur ɗin da wuri da ƙafar ta koma daidai. Ba ta koma ba, kuma Najiba ba ta sake hawa babur ba.

A asibiti, da Hadijatu ta fita ɗebo ruwa, ya matso bakin gado ya ce, "Ba ki ji ni ba ne?"

"Na ji ku, ku biyu," in ji ta. "Ɗaya yana kuka. Na so in amsa masa, Baba, sai na tuna ban taɓa jin ka yi kuka ba."

Har yau Sanda na nan a rumbunsa, kai a sunkuye. A gida kuwa yanzu sau ashirin yake faɗin sunan a yini, da dalili da babu dalili, har Hadijatu ta daina tsokanarsa. In yana gabanta, Najiba takan kalli bakinsa tukuna sannan ta ce na'am. In daga wani ɗaki ya kira, ba ta amsawa.