Muciyar Inna a Kasuwar Tasawa

Shekarar da na gama lakwal, wato makarantar boko, na koma gida Maijirgi, na tarar sanyi ya kama hannun hagun Inna. Na dama lafiya lau yake, sai dai tuƙin tuwo hannu biyu yake so, ɗaya ya riƙe tukunya, ɗaya ya juya muciya. Tukunyarmu kuwa ta dalma ce, ba nauyi. Da tuwo ya fara kauri sai ta shiga rawa a kan murhu.

Baba ya ce ta huta, ni in karɓi tuƙin. Na karɓa. Amma na ga yadda Inna take kallon tuwon da na tuƙa, tana juya malmalar kamar baƙuwa a gidanta. Tun kafin a haife ni babu wanda ya ci tuwon wani hannu a gidan nan.

Ranar kasuwar Tasawa ta ce in raka ta. Muka hau amalanke, muciyarta a kan cinya.

"Inna, faɗa za mu?"

"Zauna dai, ɗiyar lakwal."

A rumfar masu tukwane ta wuce farare masu ƙyalli, waɗanda ni suka ɗauke mini ido, ta tsaya kan baƙaƙen tukwanen ƙarfe na zubi. Ta ƙwanƙwasa wannan ta saurara, ta sa na ɗaga waccan in duba ta a rana ko akwai huda. Sannan ta sa mai rumfar ya jera duwatsu uku, ya ɗora guda, ya zuba rairayi ya yayyafa ruwa.

"Hajiya, in tuwon ya nuna a ɗebo mini!" in ji shi.

"Kai da ko miya ba ka kawo ba?"

Ta ɗora hannun hagu a baya, ta tuƙa da na dama. Tukunyar farko ta gusa. Ta biyu ta karkace. Mata suka taru suna dariya, wata na cewa a ƙara gari. Ta uku, mai kaurin gindi, ta zauna daram kamar tsohuwar da ta sami inuwa. Inna ta tuƙa, ta sake tuƙawa, rairayi na kuka a ƙarƙashin muciya.

"Wannan ta san abin da ya kawo ta duniya," ta ce.

Da muka sayo ta, mun yi kwanaki muna tafasa dussa a cikinta, muna shafa mata man gyaɗa, har ƙarnin ƙarfe ya fita. Ranar tuwon farko ni na ɗora ta, don Inna ba ta iya ɗaga ta. Na zauna gefe ina barbaɗa gari, tana tuƙi da hannu ɗaya, hayaƙi na hawa ta cikin ganyen itacen bedi.

Baba ya kai lomar farko, ya kai ta biyu. Sai ya ɗaga murya daga kan tabarma: "A ajiye mini ƙanzon!"

Inna ta dube ni. "Sauke tukunyar, kar ya ƙone masa."