Shirun Malam Ina-Jira

Sunan da iyayensa suka raɗa masa yana nan a takardun fansho, amma a unguwa ba wanda ya damu da shi. Malam Ina-Jira kowa ke ce masa, har mai gyaran takalmin bakin titi wanda bai taɓa zama ajinsa ba. Yara ne suka laƙaba masa sunan tun yana sabon malamin kimiyya a firamare, gashin kansa baƙi wuluk. Idan ya jefa tambaya a aji, sai ya rungume hannu, ya jingina da allo, ya ce, "Ina jira." Kuma da gaske yake. Ba ya ƙara kalma, ba ya ba da satar amsa, ba ya kiran sunan kowa. Aji zai yi tsit, a ji kukan fanka, a ji malamar ajin da ke maƙwabtaka tana biya wa nata yaran lissafi, har wani yaro ya gaji da shirun ya faɗi abin da ke ransa, daidai ko kuskure. Shi kuskuren ma ya fi so. A cewarsa, yaron da ya yi kuskure da bakinsa ba ya manta gyaran.

Saboda jinginar nan, bayan rigarsa kullum fari fat yake da alli. Maiɗakinsa ta yi mita har ta gaji ta bari. Abin da ba ta taɓa yafewa ba shi ne kayan kicin ɗinta. Makarantar ba ta da ɗakin gwaji, don haka butar shayi, cokula, kwalabe, kyandir, duk daga gida yake kwasa. Cokali ya tafi makaranta lafiya ƙalau, ya dawo a lanƙwashe ko da baƙin hayaƙi, wani ma bai dawo ba har yau.

Da ya yi ritaya zaman gida bai karɓe shi ba. Hali zanen dutse: sai ya tsaya a ƙofar kicin ya tambayi matarsa me ya sa murfin tukunya ke rawa idan ruwa ya tafasa, ya rungume hannu.

"Malam," takan ce, "ni ba 'yar ajinka ba ce. Matsa mini in wuce."

Autarsu ce ta samo masa abin yi. Ita sana'arta haɗa bidiyon talla ga masu shaguna, yau mai takalma, gobe mai burodi. Tana da waya mai kyau, da sandar ɗora waya mai ƙafa uku, da fitila, da kwamfutar da take yanka hotuna tana haɗawa. Mace ce mai sauri, a magana da tafiya duka, ba ta ɗauko mahaifinta ba ko kaɗan. Ta zo da labarin cewa an saka talabijin a tsohuwar makarantarsa, kuma shugabar makarantar tana neman gajerun bidiyon kimiyya da harshen da yara ke ji, don malaman kimiyya sun yi ƙaranci. Wa ya fi Baba? Ita ta ɗauka, shi ya koyar.

Auta ma ta zauna ajinsa tana ƙarama, a bencin gaba kusa da taga, kuma har ta bar ajin ba ta taɓa ɗaga hannu ba. Ya lura, amma dokarsa ce ba ya kawo maganar makaranta gida, sai ya bar zancen.

A kicin suka fara aiki. Ta ja tebur kusa da taga, ta shimfiɗa farin zane, ta maƙala masa ƙaramar makirufo a wuyan riga. Darasin farko zafi ne, da yadda yake tafiya cikin abubuwa. Ya zuba ruwan zafi a kofin gilashi, ya tsoma cokula biyu, ɗaya na ƙarfe ɗaya na katako, kowanne da ɗigon kyandir a ƙarshen mariƙinsa. Ya dubi wayar yadda yake duban aji, ya ce, "To, wane kyandir ne zai fara narkewa? Na cokalin ƙarfe ko na cokalin katako? Ina jira." Ya rungume hannu. Babu allo, sai ya jingina da firiji.

Auta ta leƙo daga bayan wayar. "Baba, wa kake jira? Waya ce fa."

"Wanda zai kalla."

"Wanda zai kalla ba zai jira ka ba. Da ya ji shiru zai ɗauka abin ya lalace, ya shafa ya wuce gaba."

"To ya wuce. Wanda ya tsaya shi ne ɗalibina."

Ba ta ja da shi ba. Ta bar shi ya yi jiransa a kowane darasi, na kwalba da balam-balam, na inuwa, na maganaɗisu, ita kuma idan ta koma ɗakinta ta sa almakashin kwamfuta ta yanke shirun kaf. Da ta nuna masa abin da ta haɗa, sai ya ga kansa tsaf, haske mai kyau, murya tar, yana yin tambaya yana amsawa a numfashi ɗaya, kamar mutumin da ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce wa kansa shigo.

"Ina darasin?" ya ce.

"Ga shi kana kallo. Ba abin da na cire sai inda ba ka magana."

"Ai nan ne darasin yake. Sauran duk surutu ne."

Ta yi masa bayani da haƙuri irin na wanda ya san sana'arsa, kuma ta san ta ɗin. Ta ce ta ga yadda mutane ke gudu daga bidiyo da zarar magana ta tsaya. Ta ce idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza. Shi kuwa bai ɗaga murya ba, don bai iya ba. Cewa kawai ya yi idan za a yanke shirun, to a yanke shi ma gaba ɗaya, a nemo mai karanta labarai ya karanta musu. Abin da ke damunsa ɗaya ne: a kai fuskarsa ajin da ya ƙare ƙuruciyarsa a ciki, yana zuba wa yara amsa kamar ana cika gora da ruwa. Aikin da ya ƙi yi tsawon rayuwarsa shi za a sa hotonsa ya yi.

Kwana da kwanaki ba a ɗauki sabon darasi ba. Sandar waya tana tsaye a kicin, ana ratse ta. Uwar ce ta gaji.

"Ku biyun nan kun ishe ni," ta ce. "Ke kin ce yara za su gudu, kai ka ce ba za su koya ba, kuma ba ɗayanku da ya tambayi yaran. Gani ya kori ji. Ku je makarantar ku gani, ni a kwashe mini wannan mai ƙafa ukun kafin ya karya ni."

Suka je da safe. Shugabar makarantar ta riga ta ba malamar aji bidiyon da Auta ta yanke, kuma malamar daga wayarta take janyo shi ta intanet zuwa talabijin. Malam da Auta suka tsaya a bayan aji. Bencinan su ne dai na da, fankar ma ita ce, kukanta kawai ya ƙaru.

Aka fara da kwalba da balam-balam. A talabijin Malam ya tsoma kwalba a ruwan zafi, balam-balam ɗin da ke bakinta ya kumbura, ya tambayi dalili, ya ba da dalili. Yaran suka kalla cikin natsuwa, suka sunkuya suka rubuta abin da ya ce. Ba wanda ya gudu, ba wanda ya yi motsi. Auta ta dubi mahaifinta ta gefen ido. Shi bai ji daɗi ba ko kaɗan, ya ji kamar ya zo ta'aziyyar kansa.

Sai darasin cokula ya zo. "Wane kyandir ne zai fara narkewa? Na cokalin ƙarfe ko na cokalin katako?" Nan intanet ta ɗauke. Hoton ya tsaya cak, Malam na talabijin baki a rufe, wani ɗan zobe yana ta juyawa a ƙirjinsa.

Kunya ta kama malamar. Ta girgiza wayar, ta ɗaga ta sama, ta kai ta bakin taga. Auta ta soma lalube a jakarta don ta ba da nata kwafin. Ajin ya yi tsit, yara suna kallon tsohon da ya yi musu tambaya ya ƙi cewa komai.

"Na katako," in ji wata yarinya mai tabarau. "Ai katako ne ke kama wuta."

"Ƙarya ne!" wani ya ce daga baya. "Na ƙarfe ne. Ni mariƙin tukunya ya taɓa ƙona ni, ga tabon."

"Ai tukunya a kan wuta take, wannan ruwa ne."

"Ruwan ma ai da zafi!"

Kafin ka ce me, aji ya rabu biyu. Wani ya ce duk tare za su narke, aka yi masa ca. Wata ta ce a tambayi wanda ubansa ke walda. Auta ta tsaya da hannu a cikin jaka. Can intanet ta dawo, kyandir ɗin cokalin ƙarfe ya zame ya gangara, rabin aji ya yi ihu. Mai tabarau ba ta yarda ba. Ta miƙe ta ce to me ya sa katako ke cin wuta ƙarfe ba ya ci? Dole malamar ta tsayar da bidiyon, wannan karon da hannunta, ta ɗauki alli.

Malam kuwa yana nan inda yake. Ya jingina da bangon baya ne hannu a rungume, har farar ƙasar bangon ta ɓata masa riga.

A hanyar gida bai ce na gaya miki ba, ita ma ba ta ce ka yi gaskiya ba. Sai da suka wuce mai gyaran takalmi ta yi magana, idonta a kan titi.

"Baba, ka san na tsani shirun nan naka tun ina yarinya?"

"Ban sani ba."

"Ina da amsa a raina fa, kusan kullum. Amma in na faɗa daidai a ce a gida ka gaya mini, in na yi kuskure a ce 'yar Malam ma ba ta sani ba. Sai in yi ta addu'a wani ya yi magana in huta."

Wannan bai taɓa faɗo masa a rai ba, shi da yake ganin ya san cikin kowane yaro. Abin ya sosa masa zuciya ƙwarai. Ya yi tafiya kaɗan kafin ya ce, "Ni kuwa sau da yawa ke nake jira."

A haka suka shiga gida.

Washegari ta sake kafa mai ƙafa ukun, uwar tana harara. Darasin ƙanƙara ne. Ya fito da dunƙule biyu daga firiji, ɗaya ya ajiye a faranti a fili, ɗaya ya naɗe cikin tawul, suka bar su na ɗan lokaci. Kafin ta kunna waya, ya rufe farantin da kwano don kada a ga abin da ya faru, ya ce, "Wacce ce ta fara narkewa? Ta fili ko ta cikin tawul? Ina jira." Ya jingina da firiji.

Auta ba ta leƙo ba, ba ta ce Baba ci gaba ba. Kicin ya yi shiru, sai gurnanin firiji da ƙarar wata mota a titi. Uwar ta tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu. Shirun ya yi tsawo har ya fara nauyi.

"Ta cikin tawul," in ji Auta daga bayan wayar, murya ƙasa-ƙasa.

Bai juyo ba. "Me ya sa?"

"Tawul ai yana da ɗumi."

Ya ɗaga kwanon, faranti ya kusa cika da ruwa. Ya warware tawul, ga ƙanƙara nan da sauran ƙwarinta. Ya yi wa wayar bayani cewa tawul ba shi da zafin kansa, hanya kawai yake tarewa: a jikin mutum ya hana zafi fita, a jikin ƙanƙara ya hana zafi shiga. Uwar ta ƙyalƙyale da dariya ta ce ashe 'yar Malam ma ba ta sani ba, aka ji ta a cikin ɗaukar.

Da yamma Auta ta tambaye shi ko ta cire muryarta. Ya ce ai ita ce mai almakashi. Dariyar uwar kawai ta yanke, ta bar shirun da tsawonsa, ta bar amsarta. Yanzu duk ajin da aka kunna darasin ƙanƙara, yara kan yi ta gardama a cikin shirun, sannan su ji muryar wata mata da ba sa ganin fuskarta ta faɗi kuskure, waɗanda suka canka daidai su yi mata ihu. Malam ya jira amsar nan tun mai ita tana bencin gaba kusa da taga, kuma da ta zo ba daidai ba ce. Idan baƙi suka ce ya nuna musu aikinsa, darasin ƙanƙara yake sa a kunna.