Kiran Kurwar Casimiro

Shekara ashirin da biyu Doña Eulogia Tarqui ta yi tana sayar da kunun jar masara da fanke a ƙofar wani asibiti a El Alto. Tana 'yar shekara sha huɗu ta baro ƙauyensu na bakin tafki, ta yi aikatau, ta yi tallan dankali, kafin ta samu wannan gurbin a jikin katanga. Ta san layukan asibitin fiye da maigadi. In karaya ce ta kawo ka za ta nuna maka ƙofa, in haƙori ne ta ce ka dawo Talata, in kuma ta dube ka ta ce, "Ɗana, koma gida ka sha ruwan zafi," gara ka koma, don likitan ma abin da zai faɗa ke nan bayan ka gama daskarewa a layi. Bakinta ba ya hutawa kuma ba shi da daɗi, amma kofinta a cike yake zuwa.

Mijinta, Casimiro Limachi, ɗan badujala ne mai busa kakaki a bukukuwa. Kowa ya san yadda ake karrama 'yan badujala: akwatunan giya a gabansu, wanda ya ƙi karɓar kofi kuwa ya raina mai biki. Haka ya shekara talatin yana ɗiga wa ƙasa rabonta, yana juye sauran a cikinsa. Da hannunsa na dama ya soma rawa aka daina kiransa biki, da aka daina kiransa ya koma barasar gwangwani. Wata Litinin ya fita bai dawo ba.

Kwana tara tana nemansa, har ɗakin ajiye gawa ta leƙa. Wani mai gyaran takalmi ne ya nuna mata lungun. Gida ne da mutum kan biya a rufe shi a ɗaki da bokitin barasa da gwangwanin ɗiba, a sa kwaɗo ta waje, ya yi ta sha har ya gama da duniya. Eulogia ba ta roƙi kowa ba. Dutse ta ɗauka ta dinga dukan kwaɗon tana surfa zagi, har matar gidan ta kawo makulli don kada a tara mata jama'a. Ta jawo shi waje kamar buhu, sanye da wani kwat mai ruwan ƙasa da ba ta sani ba. Bai dame ta ba, mashayi da kowace irin riga yake dawowa gida.

Ya yi mako uku yana karkarwa da amai, sannan ya miƙe. Wata bakwai bai kai kofi baki ba. Dangi suka yi ta zuwa barka, surukarta har kyandir ta kunna a coci. Ba wanda ya tsaya ya ga abin da Eulogia ke gani. Casimiro, wanda dā in ya fara labari sai an toshe masa baki da burodi, yanzu wuni yake a bakin gado yana kallon bango. Ba ya fushi, ba ya dariya. Kakakinsa na rataye a ƙusa, ko kallonsa ba ya yi.

Wata rana ta dawo daga sana'a ta tarar ya sa takalmi ya ɗaure igiya, yana zaune hannuwansa a kan gwiwa.

"Tsoho, ina zuwa haka?"

Ya ce, "Saura rabi."

"Rabin me?"

"Bokitin."

Daga ranar ta fara kulle ƙofa ta waje in za ta fita, ita da ta fasa kwaɗon wani, kuma duk sanda ta murɗa makullin sai ta ji kunyar kanta.

Ta fara da asibitin da take ƙofarsa. Wata nas mai sayen fankenta ta ce, "Likitan ƙwaƙwalwa? Nan babu, Doña Eulo. Sai kin gangara La Paz." Ta gangara. A wurin masu kula da 'yan shaye-shaye aka tambaye ta ko yana sha yanzu. Ta ce wata bakwai bai taɓa ba. "To ai ya warke, Mama. Gadajenmu na masu sha ne." A wani wurin aka tambaye ta ko yana dukan mutane, ko yana tuɓe kaya a titi. Ta ce a'a. "Matsalar giya ce wannan, ki koma wajen masu giya." Wato sai bawan Allah ya koma kwalba ko ya yi tsirara a kasuwa kafin a san da zamansa. Ta kai shi taron tsofaffin mashaya a bayan coci, ya zauna yamma uku bai ko faɗi sunansa ba. Shugabansu ya ja ta gefe ya ce ƙofarsu a buɗe take kullum, amma wannan shirun ya fi ƙarfinsu, ta nemi likita. Da ƙyar ta samu katin ganin likitan ƙwaƙwalwa. Ranar da aka rubuta a jiki saura mako goma sha ɗaya.

Ta yi haƙurin mako huɗu. Da ta sake tarar da shi da takalmi a ƙafa, sai ta nufi rumfunan masu duba da ke jere a bakin gangaren dutse, wajen Tata Zenón. Tsohon ya watsa ganyen koka a kan ƙyalle, ya tsura masa ido.

"Jikinsa kika fito da shi, Mama. Kurwarsa na can ɗakin, ita ke janyo shi."

"To in je in fasa mata kai ne, Tata?"

"Ke komai duka. Ki ɗauki rigar da ke jikinsa a wurin. Ki je da tsakar rana, ki kaɗa ƙararrawar nan, ki kira sunansa sau uku. Kurwa rigarta take ganewa, za ta shiga. Ki rungumo ta zuwa gida ki sa masa. Kada ki waiwaya, kada ki yi wa kowa magana. Ko uwarki ce ta taso daga kabari ta gaishe ki, ki wuce. In kika buɗe baki, ta tafi."

Washegari ta ciro kwat ɗin daga ƙarƙashin gado ta tafi. Matar gidan ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke ce kuma? Yau ba dutse?"

"Yau ƙararrawa ce. Buɗe min, minti biyar."

Ɗakin ba kowa, an share shi. Katifa ɗaya, taga babu, bango duk sunayen mutane da aka karta da ƙusa. Waje rana na ƙuna, ciki kuwa sanyi har haƙori. Ta shimfiɗa kwat ɗin a ƙasa ta kaɗa ƙararrawa.

"Taho, Casimiro. Taho, nan ba gidanka ba ne."

Ta kira na biyu. A na uku hayaniyar titi ta ɗauke ɗif kamar an rufe mata kunne. Ba iska a ɗakin, amma ta ga hannun kwat ɗin na hagu ya ɗan lanƙwashe. Ta sunkuya ta ɗauka. Ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen wanki.

Ta fito ta miƙe hanya, idonta a ƙasa. Ta kusa tashar ƙananan bas sai wata mata ta kama mata hannu, matashiya, da goyo a baya.

"Baiwar Allah, ina kika samo kwat ɗin nan?"

Eulogia ta fizge ta ci gaba.

"Don Allah tsaya! Na mijina ne, na Hilarión. Kin ga facin gwiwar hannun nan, da koren zare? Ni na yi shi. Wata takwas ke nan ban san inda yake ba."

Eulogia ba ta tsaya ba. Matar ta bi ta tana kuka, tana jan gefen mayafinta, mutane na kallo.

"Kalma ɗaya kawai, Mama. Yana raye? Ke kurma ce? Wace irin zuciya gare ki?"

A duk rayuwarta Eulogia ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Ranar ta cije leɓe har ya fashe, ta shige bas. Motar na tashi matar ta manna baki a taga ta yi ihu: "Cuku nake sayarwa a gindin gadar masu ƙafa, Alhamis da Lahadi! Ki ce Benita!"

A ƙofar gida ta tsaya da makulli a hannu. Sunan Casimiro ta kira, amma rigar ta wani ce, kuma Tata ya ce kurwa rigarta take ganewa. To wa ta ɗauko? Ta yi tunanin jefar da kwat ɗin a kwata. Sai ta tuna takalman nan masu ɗaurarriyar igiya. Ta buɗe ƙofa ta yafa masa shi a kafaɗa.

Ya sunkuyar da kai ya shinshina wuyan kwat ɗin. Can ya ce yana jin yunwa. Ya shanye kwano biyu na miyar gyaɗa, cokali a hannun hagu, abin da ba ta taɓa gani ya yi ba, ko da yake na daman ne mai rawa. Ya goge baki ya dube ta ido cikin ido.

"Remedios ta fara tafiya?"

Ba su da wata Remedios, ko a dangi. Eulogia ta yi alamar gicciye.

"Wace Remedios, tsoho?"

"'Yarsa. Kullum sai ya tambaye ni, sai ka ce na sani."

Daga nan bakin ya buɗe. Ɗakuna sun cika a makon, aka haɗa su biyu a bokiti ɗaya, shi da wani birkila da bai taɓa gani ba, Hilarión. Suka yi alkawarin rabi-rabi, su tafi tare. Hilarión ya gama nasa a kwana shida. Casimiro ya kwana biyu kusa da shi kafin masu gidan su lura su fitar da shi. "Shi ya cika alkawari," ya ce. "Ni ban cika ba." Ya yi kuka irin na maza, mara sauti, ita kuma tana zaune ta rasa murna za ta yi ko tsoro, don ba ta tabbatar da wa take magana ba.

Da ta ba shi labarin matar da ta tare ta a hanya, ranar Alhamis shi da kansa ya ce a kai shi wurinta. Suka same ta a gindin gadar, 'yarta Remedios na dafe da tebur tana koyon tsayuwa. Benita ta gane Eulogia nan take, ta buɗe baki za ta yi masifa, sai ta ga mutumin da ke miƙo mata kwat a ninke. Ya tsaya a cikin hayaniyar kasuwa ya faɗa mata komai, bai rage ba. Ba ta yi kuka ba. Ta rungume kwat ɗin ta ce:

"Da sanyin nan ka raba shi da rigarsa?"

"A'a, Doña. Musaya muka yi. Ya ce suwaitata ta fi ɗumi, wadda matata ta saƙa min. Tana jikinsa aka fita da shi."

"Aka kai shi ina?"

"Ban sani ba. Ba a faɗa."

Sai a lokacin Eulogia ta gane. Rigar da Casimiro ya shiga ɗakin da ita, rigar da ta san shi, tana wani rami da ba mai nuna mata, a jikin gawar wani. Ba abin da za ta shimfiɗa ta yi kira a kai.

Suka kamo hanyar gida a ƙafa. Rana tsaka, masu talla na ihu, wata badujala na gwaji a nesa. Saura mako bakwai ranar likita. Ta ƙudurta a ranta gobe da shi za ta fita sana'a, ya zauna kusa da tukunya ya wanke kofuna, jibi ma haka, har ranar ta zo. Da suka kusa mahaɗar da ke ɓullewa lungun nan, tafiyarsa ta ragu.

"Eulogia."

Rabon da ya kira sunanta har ta manta.

"Na'am, tsoho."

"Riƙe ni da kyau. Ni gida nake so. Ƙafafun ne suka san hanyar can."

Ta damƙi wuyan hannunsa da hannu biyu. Har suka tsallaka mahaɗar fuskarsa na kallon gida, jikinsa na jan ta hagu.