Likitar da Ta Juya Mana Kujera

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ina tsaye a shago da almakashi a hannu, na shimfiɗa farin yadi na zana shi da shuɗin alli, sai waya ta yi ƙara. Sista ce, ma'aikaciyar jinyar da ta daɗe tana aiki tare da ke. Ko gaisuwa ba ta iya ƙarasawa ba. Ta ce Likita ta rasu da safen nan, bayan 'yar gajeruwar jinyar da kika hana a gaya mana. Na ajiye almakashin na nemi wuri na zauna. Yadin nan naki ne, Likita. Farar rigar aikin da kika ce in ɗinka miki ce, mai manyan aljihuna, domin a cewarki masu ɗinkin kamfani ba su san likitan yara yana yawo da biskit da ƙwallo ba.

Na yi niyyar rubuta ta'aziyya mai nauyi kamar yadda ya dace da mutuniyar kirki. Amma duk abin da na tuno game da ke, sai in tsinci kaina ina murmushi ni kaɗai a kan keken ɗinki. Ki yi haƙuri, ke kika jawo.

Auta, ƙaramar 'yata, tana wajen shekara takwas abin ya same ta. Da ƙifta ido ya fara, ya koma ɗaga kafaɗa, daga baya aka samu wani gyaran murya da take yi ba gaira ba dalili. Likitoci suna kiransa tik, wato motsi ko sautin da jiki yake yi ba da son mai jikin ba. Mu a lokacin ba mu san wannan ba. Abin da muka sani shi ne kowa a dangi ya zama likita. Mamanta ta hana sukari. Ƙanena ya ce madara ce, ya gani a waya. Maƙwabciya ta rantse ƙwai ne. Kakarta kuwa, mahaifiyata, duk zuwan da za ta yi sai ta zo da sabuwar kwalbar ƙarin lafiya: ta ƙarfin jijiya, ta kwantar da hankali, ta man kifi, da wata da har yau ban san aikinta ba. Ni kuma tela ne, idona ya saba da kamo karkataccen ɗinki tun daga nesa. Da kafaɗar nan ta motsa na gani, da na gani fuskata ta nuna. Haka duk gidan muke, mun sa mata ido kamar tukunyar da ake jira ta tafasa.

Yarinyar da a da sai an roƙe ta ta yi shiru, ta daina magana a gaban mutane. Ta ɗauke kwanonta daga cikinmu, ta koma cin abinci a bayan ƙyauren ɗaki. A aji ko an kira sunanta sai dai ta sunkuyar da kai. Motsin yana damuna, amma shirun nan shi ya fi tayar mini da hankali. Tsorona kada muryar 'yata ta tafi ke nan.

Ranar da muka fara zuwa wajenki, mamanta na riƙe da hannunta, ni ina rungume da jakar kwalabe. Kika zazzage su a kan tebur, kika jera su, kika dube ni ta saman tabarau.

"Malam Tela, duk wannan na yarinya ɗaya ne, ko unguwar kuke ciyarwa?"

Kika tambayi Auta me ta ci da safe. Ta yi shiru, kafaɗa ta motsa, ni da mamanta muka zuba mata ido. Sai kika miƙe, kika kama kujerata ina zaune a kai, kika ce in ɗaga. Kika juya ta ta fuskanci taga, kika juya ta mamanta ma. Kika ce akwai tattabaru a kan tankin ruwa, mu lura da su da kyau, za ki yi mana tambaya a kansu in kin gama. Na zauna, magidanci da gemuna, ina gadin tattabaru, raina kuwa a ɓace. Ba a jima ba na ji wata 'yar murya a bayana tana cewa shayi ta sha, ba sukari, ba madara, kuma ba daɗi. Kika kwashe da dariya, ita ma ta yi. Na daɗe ban ji dariyar nan ba. Na ci gaba da kallon tankin don kada a ga idona.

A ranar kika yi mana bayani a tsanake. Kika ce ba iskanci ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne, kuma ba laifin uwa ko uba ba ne. Kamar atishawa yake: yaro zai iya danne shi na ɗan lokaci, amma zai fito, kuma yawan ce masa ya daina ƙara masa wuta yake yi. Kika ce abin yakan yi yawa wani lokaci, ya lafa wani lokaci, shi ya sa duk abin da aka ba yaro daf da lafawar shi yake kwashe yabo. Wannan bayanin bai shiga kunnen Kaka ba. Da abin ya lafa ta ce man kifinta ne. Da ya dawo ta ce ai ba a ba da shi da bismilla ba.

Ba ki raina maganar abinci ba. Kin dai ce a yi ta da hankali, a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a jira a gani. Kika mayar wa Auta ƙwai da madara nan take, kika ce yarinya ba za ta girma da ruwan zafi ba. Kika ce a rage baƙin lemon kwalba da shayi mai kauri da yamma, a kashe talabijin da wuri, a bar ta ta yi barci ya ishe ta. Kika sa aka auna jininta, aka ga yana da ƙarancin sinadarin ƙarfe, kika rubuta abin da zai gyara wannan kaɗai. Sauran kwalaben suka tafi cikin wani babban kwando da ke bayan ƙofarki, inda na tarar da na iyayen da suka riga ni. Ganin kwandon nan ya sanyaya mini rai, ashe ba gidana kaɗai aka buɗe kantin magani ba.

Da motsin ya koma wuyanta har yana sa mata ciwo, rubutu ma ya gagare ta, kika ce yanzu lokacin magani ya yi. Na ji tsoro, na faɗa miki. Ba ki yi mini dariya ba. Kika zaunar da ni kika gaya mini amfaninsa da illarsa, kika ce da kaɗan za a fara. Da ya sa ta gyangyaɗi a aji, ke da kanki kika bugo waya kina tambaya kafin mu kawo ƙorafi, kika gyara yadda take sha. Da abin ya yi sauƙi kuma kika janye shi sannu a hankali. Amma na ga ranar da Direba, wani uba da muke haɗuwa da shi a asibitin, ya matsa lallai sai kin rubuta wa ɗansa magani saboda yana murguɗa hanci. Yaron kuwa ko a jikinsa, wasansa yake yi. Kika tambaye shi, "Wa abin yake damu, kai ko shi?" Ya ce shi dai gaskiya shi abin yake damu. Kika ce, "To matso, kai zan duba."

Daga nan aka samo zaman Asabar. Kika roƙi hukumar asibiti wani ɗaki mai doguwar taga a ƙarshen baranda, kika sa aka jera bencina suna fuskantar waje. Iyaye a kan benci, yara a baya tare da ke a kan darduma, kuna wasa kuna koyon dabarun sassauta motsin in ya taso. Ma'aikata suka sa mana suna 'yan taga, muka karɓa hannu bibbiyu. Akwai Direba, akwai Malama mai koyar da lissafi, akwai Mai Gyaran Waya, wanda shi ne ya fi kowa kawo sababbin magunguna daga intanet, kuma shi ya fi kowa cika kwando. Mun san tattabarun nan ɗaya bayan ɗaya. Mun san mai wankin asibiti da yadda yake shanya zannuwa a karkace, abin da yake ci mini rai har yau. A kan bencin nan mutum yake faɗin abin da ba zai faɗa a gida ba: wadda surukarta ta ce ita ta jawo, wanda ya daina fita da ɗansa kasuwa don kunya. Fuska na kallon waje, sai baki ya saki. A yi kuka kaɗan, Direba ya kawo shirme, a ɓarke da dariya.

Ba zan ce ba ki da naki ba, kada ki ce na yi miki ƙarya bayan ranki. Ba ki taɓa zuwa a kan lokaci ba. Rubutunki sai Sista take iya karantawa, ita ma sai ta karkata kai. Motarki ta sha turi a hannun 'yan taga har Direba ya ce zai kai ƙararki wajen masu kare haƙƙin motoci. In kika yi faɗa kuwa, ba ruwanki da furfurar mutum. Amma ke ce kika bar aikinki kika tafi makarantar su Auta a ranar aiki, kika zauna da malaminsu kika yi masa bayani, har ya daina fitar da ita waje don gyaran murya.

Auta ta dawo cin abinci a cikinmu. A gida har ta fara yi wa yayyenta tsiwa, na gode wa Allah. Amma a gaban taro shiru. Ta girma, ta kai ajin ƙarshe na sakandare, ko hannu ba ta ɗagawa. Ke kuma kullum kina ce mata wata rana sai ta yi wa 'yan taga jawabi. Kin sha gaya mana cewa taga ta ɗan lokaci ce, amma mun ji daɗin benci, maganar ta bi iska.

Asabar ɗin da ta biyo bayan rasuwarki muka taru a ɗakin, ba wanda ya kira wani. Maigidanki ya zo, da babbar 'yarki, da Sista. Yaran da kika yi renonsu suka cika bayan ɗaki, wasu har sun fi iyayensu tsayi. Aka yi addu'a. Aka ce wani ya yi magana, kowa ya kasa. Sai na ji motsi a gefena. Auta ce ta miƙe, ta taka ta tsaya a tsakiyar ɗaki. Gabana ya faɗi, domin tun ranar Talata motsin ya dawo mata da ƙarfi saboda baƙin ciki. Ta buɗe baki, kafaɗa ta ɗaga, wuya ya fizga, gyaran muryar ya zo a jere. Mu kuma, ɗalibanki masu biyayya, gaba ɗaya muka juya muka fuskanci taga.

"Baba," in ji ta. "Baba, ku juyo. Dukanku ku juyo."

Muka juyo a sanyaye.

"Ku tattabaru kuke kallo, shi ya sa ba ku sani ba. Likita ba ta taɓa kallon taga ba in ina magana. Ni take kallo, cikin ido. In abin ya zo sai ta jira ya wuce, ta ce, 'Ina jin ki, sai aka yi yaya?' Haka nake so ku yi."

Shekara da shekaru muna ba ki baya, ba mu taɓa ganin abin da kike yi ba. Na ɗaga kai na dubi 'yata. Kafaɗar tana motsi, na gan ta, amma a ranar idon tela bai tsaya a kanta ba. Na ga budurwa mai kama da mamanta, idanunta jajur, tana tsaye a gaban cikakken ɗaki. Ta yi tuntuɓe a tsakiyar magana, ɗakin ya yi tsit. Sai na ji bakina ya ce, "Ina jin ki, Auta. Sai aka yi yaya?" Ta yi murmushi ta ci gaba. Ta ba da labarin shayin da ba daɗi, da kwandon kwalabe, da biskit ɗin da yake narkewa a aljihunki. Har muryarki ta kwaikwaya kina yi wa Mai Gyaran Waya faɗa. Maigidanki ya yi dariya yana share hawaye. Ta yi jawabin da kika yi mata alkawari, Likita, sai da Sista ta taɓa agogo sannan ta zauna. Kafin mu watse, ni da Direba muka kama bencinan muka juyo da su cikin ɗaki.

Rigar na ƙarasa ta, da aljihunanta yadda kika ce. Na kai wa Sista ta ajiye wa duk wanda za a turo a madadinki, in ta yi masa yawa ya kawo in rage.

A madadin 'yan taga, iyaye da yara, ina miƙa ta'aziyya ga maigidanki, da 'ya'yanki, da 'yan'uwanki, da Sista da sauran abokan aikinki. Mun ci lokacin da ya kamata ya zama nasu, muna roƙon su yafe mana. Allah Ya ba su haƙuri da dangana, Ya albarkaci bayanki. Allah Ya jiƙan ki, Ya gafarta miki kurakuranki, Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya sa Aljanna ce makomarki. In tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Allah Ya dube ki da idon rahama, Likita, kamar yadda kika dubi 'ya'yanmu a lokacin da mu iyayensu ba mu iya ba. Amin.